Jawabi Kan Rage Ƙarar Hanya a Cikin Mota

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Kowane wata nakan kai Baba asibiti a Birnin Kebbi, daga Birnin Yauri mu bi Yelwa, Koko da Jega. Kunnensa ya yi nauyi, motata kuma ta kwana biyu. Da mun hau titi sai hira ta mutu.

Malaminmu na kimiyya yana nan, ya gyara mini in na kauce. Ƙarar taya ƙarfe take bi, jikin mota ya riƙa amsawa kamar ganga. Don haka na sa mai gyaran kujerun mota ya ɗage kafet, ya manna shimfiɗa mai nauyi a ƙasa, da but, da cikin ƙofofi, ya ɗora soso.

Araha ta ja ni na fara sayen mai kwalta. Zafin Afrilu ya narkar da ita, wari ya hana Baba shiga. Ku nemi ta roba, kada kuma a toshe hudojin fitar ruwa na ƙasan ƙofa.

A tafiyarmu ta ƙarshe, tun daga Yelwa har Jega Baba yana ba ni labarin ƙauyukan da ruwan Kainji ya tasa a 1968.