Lambun Bayan Ɗaki A Ƙarshen Hunturu, Da Abin Da Yake Yi Wa Tukunya Da Gashin Kai

Jawabin da wata tsohuwar ɗaliba ta gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Birnin Kebbi

 

Kwamitin shirya taro ya umurce ni da in yi magana a kan abubuwa 2, watau lambun gida da kuma haɗa kayan gyaran gashi. Da farko wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To, amsar tana nan a bayan ɗakin kowace daga cikinmu, domin ganyen da ake kaɗa miya da shi, shi ne kuma kakanninmu suke wanke kai da shi.

Ba sai na tsaya ba ku labarin tsadar cefane ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk mai karɓar albashi ta san ranar da nata yake ƙarewa. Kiran a koma ga lambu kuwa ba sabo ba ne. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shi a 1976 da shirin ciyar da ƙasa, ta Alhaji Shehu Shagari ta maimaita a 1980. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shuka tana da lokacinta, kuma kalandar da ke cikin littattafan Turai ba tamu ba ce.

Can Ingila, idan sanyi ya zo ƙarshe, mai lambu yana murna ne domin lokacin shuka ya yi. Mu nan kwarin Rima, ƙarshen hunturu ƙofar bazara ce. Daga tsakiyar Fabrairu iska ta fara ɗumi, kafin Afrilu zafin rana ya kan haura digiri 40. Saboda haka wadda ta ga tumatir ya yi arha a kasuwa, ta ga manoman fadama daga Argungu suna ta lodi, ta ce bari ita ma ta shuka nata yanzu, ta makara. Su waɗancan tun Oktoba da Nuwamba suka yi dashe. Tumatir ba ya son zafi a lokacin da yake fure. Idan rana ta yi tsanani, dare kuma bai yi sanyi ba, sai furen ya kakkaɓe, a yi ta ba shi ruwa yana ta ganye babu ɗa. Haka latas, zafi yana sa shi ɗaci ya yi tsiri. Kabeji da karas su ma na sanyi ne. Albasa kuwa, ku bar wa mutanen Aliero kayansu, a wannan lokaci cirewa suke yi. Yawancin matan da suka ce mini hannunsu ba ya karɓar shuka, da na bincika sai in tarar hannun lafiyarsa lau, watan ne suka saɓa.

Abin da ya dace da wannan lokaci shi ne kayan miyarmu na gado, waɗanda suka san ranar ƙasar nan: alayyafo, lalo, rama, yakuwa wadda mu nan muke ce wa sure, da kuɓewa wadda muke ce wa guro. Alayyafo shi ne mai saurin biyan bashi, cikin mako 3 zuwa 4 an fara yanka, kuma idan aka yanke shi daga sama aka bar gindin zai sake tohowa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a cuɗa shi da yashi kafin a watsa, kada ya fito a cunkushe. Irin lalo yana da taurin ɓawo. A ƙulle shi a tsumma a tsoma cikin ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, a shanya, sannan a shuka. Guro a jiƙa shi ya kwana, a sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, bayan kamar wata 2 ya fara ba da 'ya'ya. Zogale kuma ko reshe aka kafa a gefen rariya zai kama.

Wadda take gidan haya, ko gidan da aka malale da siminti, ba ta da uzuri. Buhun shinkafa da ya ƙare ya isa. A huda shi ta ƙasa, a cika da ƙasa kashi 2, taki kashi 1. Amma takin ya zama ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. A jera buhunan inda za su sami hantsi, su kuma tsira daga ranar azahar, alal misali gabashin katanga.

Babbar magana ita ce ruwa, domin a bazara shi ne ke raba mai lambu da lambunta. Ruwan alwala na gida guda, sau 5 a rana, idan aka tara shi a bokiti ya isa buhu da yawa. Haka ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye. Wanda aka yi wanki da omo ko bilic a cikinsa kada ya kusanci shuka. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. Sannan a rufe ƙasar da ɓuntun shinkafa don kada rana ta shanye laimar. Wannan kuwa Allah Ya hore mana shi: tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ga Labana a nan, ga WACOT a Argungu, ga ƙananan injinan casa a unguwanni. Ɓuntun da ake zubarwa ko a ƙone, shi ne bargon lambu.

Maƙiyan lambun gida ba ƙwari ne kan gaba ba, akuyar maƙwabta ce, sai kaji, sai ƙadangare. Tsohon gidan sauro da ya yage ya kan yi maganin na biyu da na uku. Ta farko sai ƙyaure mai sakata. Idan ƙwari suka zo, a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Ina roƙonku kada ku sayo maganin feshin gona ku zuba wa ganyen da za a ci jibi.

Yanzu sai gashi. Iskar hunturu ta wuce ta bar mana kai a bushe, gashi yana karyewa a bakin mataji, ga amosani. Abin da gashi yake nema a wannan hali shi ne santsi da laima, kuma duka suna cikin yauƙi. A yanka guro 5 ko 6, a tafasa a kofi 2 na ruwa kamar minti 10, a tace da tsumma mai tsabta, a bari ya huce. A shafa bayan an tsefe kitso, a taje daga ƙarshen gashi zuwa tushe. Karkashi ya ma fi shi: cikin hannu ɗaya na busasshe, a jiƙa da ruwan zafi kwata na awa. Shi ne matan Chadi suke kira ambunu, yau kuma ana ƙulla shi a leda mai ado ana sayar wa mata baƙaƙen fata a Amurka da tsada, alhali ga shi a faifan tsofaffi a babbar kasuwarmu. Garin ganyen magarya shi ma yana kumfa kaɗan, yana wanke datti ba tare da ya busar da kai ba. Sai dai duk abin da aka haɗa da ruwa na yini ɗaya ne. A zafin nan, da halin wutar lantarkinmu, kwana 2 ya isa ya yi tsami.

Man shafawa kuwa ya kan daɗe, in dai ruwa bai shiga ba. A sami man kaɗanya mai kyau, irin wanda ake kawowa daga wajen Zuru da Yawuri. A sa shi a kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke, kada a ɗora kan wuta kai tsaye. Kashi 3 na kaɗanya, kashi 1 na man riɗi ko man kwakwa, a buga da maburgi yayin da yake daskarewa, a zuba a kwalba busasshiya. A shafa shi a kan gashi mai ɗan laima, domin aikinsa tsare ruwan da ke ciki ne. Lalle na gida, wanda za a iya dasawa a matsayin shingen lambun, yana ƙara wa gashi kauri, amma yana rina shi ja kuma yana busarwa idan aka yawaita. Baƙin lallen kanti dabam ne, ana zuba masa sinadarin rini mai sa ƙaiƙayi da ƙuna, kada a kai shi kai.

Zan faɗi abin da masu tallar haɗi ba sa faɗa. Gashin ɗan Adam yana tsiro ne kimanin santimita 1 a wata, kuma babu karkashi ko kaɗanyar da za ta ninka wannan. Abin da suke yi shi ne hana karyewa, sai tsawon ya tsaya. Wadda gaban goshinta yake zaizayewa ta dubi makitsiyarta, yawanci jan kitso ne, musamman ga 'yan mata ƙanana. Yaron da makero ya kama a kai shi asibiti, maganin sha yake bukata, mai ba ya kashe shi.

Dangane da man miƙar da gashi, da yawanmu mun san ƙunar da yake bari a fatar kai. A watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000, inda aka ga masu amfani da shi fiye da sau 4 a shekara sun ninka sauran wajen kamuwa da ciwon dajin mahaifa. Ciwon ba mai yawa ba ne ko a cikinsu, kuma binciken alaƙa ya nuna. Duk da haka ni dai ba zan sa wa 'yar shekara 8 shi don sallah ba.

Hajiya Shugaba, ina da roƙo guda ga kwamiti. Filin da ke bayan ɗakin girki, inda muka yi aikin gona muna aji 2, yanzu fili ne kawai. Idan ƙungiya ta ɗauki nauyin waya ta shinge da tankin ruwa guda daga kuɗin wannan shekara, ɗalibai za su iya shuka alayyafo da guro kafin ƙarshen wannan wata, su ci kafin su tafi hutu. Na zo da irin alayyafo da lalo da sure a ƙulle, suna kan tebur a bakin ƙofa, kowa ta ɗauki ƙulli ɗaya idan an tashi.