Faɗaɗa Na'urar Rarraba Sadarwa Ba Tare da Sauya Ta Ba: Lacca Kan Sakawa da Sabunta Modul a Lau



Duk ofishi ko makaranta ko asibitin da ke da kwamfutoci masu yawa da ake so su riƙa musayar bayanai, to a wani lungu na gininsa akwai akwatin ƙarfe mai jerin kafofi a gabansa, inda wayoyin kwamfutocin suke taruwa. Wannan akwati shi ne na'urar rarraba sadarwa, wadda masu gyara ke kira suwic, kuma aikinsa shi ne ya karɓi bayani daga wata kwamfuta ya miƙa shi ga wadda aka nufa kaɗai, bayan ya duba lambar shaidar da kowace na'ura ke ɗauke da ita. Tsarin da suwic ke aiki a kansa, mai suna Ethernet, Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Amurka a 1973, sannan kamfanin Kalpana ya fito da suwic na farko a 1990, kafin Cisco ya saye kamfanin a 1994. Gudun tsarin ya tashi daga megabit 10 a daƙiƙa zuwa 100 a 1995, ya kai gigabit 1 a 1998, ya kai gigabit 10 a 2002. Saboda wannan saurin sauyi ne maƙera suka soma barin gurbi a jikin suwic, domin wanda ya saya a yau ya iya ƙara masa ƙarfi gobe ba tare da ya jefar da shi ba.

Abin da ake zurawa a wannan gurbi shi ne modul, wato ƙaramin sashe na lantarki da ake sakawa a cire, kuma iri-iri ne. Akwai modul mai faɗi kamar tafin hannu wanda ke ƙara wa suwic manyan kafofin da yake haɗuwa da su da suwic na sama ko da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa saura. A jerin Catalyst 9300, wanda Cisco ya fitar a 2017, gurbi guda yana karɓar modul mai kafa 4 na gigabit 1, ko mai kafa 8 na gigabit 10, ko mai kafa 2 na gigabit 25, ko mai kafa 2 na gigabit 40. Akwai kuma ɗan ƙaramin modul mai tsawon yatsa da ake kira SFP, wanda ke shiga cikin waɗannan kafofi yana mayar da lantarki haske domin ya bi wayar gilashi, wato faiba. Na asali yana ɗaukar gigabit 1, SFP+ yana ɗaukar 10, SFP28 yana ɗaukar 25, QSFP+ kuma 40. Akwai modul na haɗa suwic da yawa su zama kamar guda, har 8 a wasu samfura, ga kuma sashen ba da wuta da fanka, waɗanda su ma ana zare su a sauya.

Dalilin kawo wannan magana ƙaramar hukumar Lau ta Jihar Taraba a bayyane yake. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan da intanet, kuma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, tana neman kowace cibiya ta tanadi kwamfutoci 250 da aka haɗa da waya. Ko intanet ya iso bakin ƙofa da ƙarfinsa, suwic ɗin cikin gida ne zai raba shi, kuma a nan lissafi yake ƙwacewa mutane da yawa. Cibiya mai kwamfutoci 250 tana bukatar suwic 6 masu kafa 48, kowace kafa kuma tana iya ɗaukar gigabit 1, amma idan hanyar da ke tashi daga kowane suwic zuwa uwar garke ita ma gigabit 1 ce, to kwamfutoci 48 ne suke rububin hanyar da aka yi wa guda ɗaya. Mutumin Lau ya san wannan hali a bakin kogin Binuwai ranar kasuwa: hanyoyi da yawa sun kawo masu tsallakawa Karim Lamido, jirgin fito kuwa ɗaya ne, saboda haka faɗin hanyoyin bai hana kowa jira ba. Maganin cunkoson shi ne a cire modul na gigabit 1 a saka na gigabit 10, suwic ɗin yana nan a kabad ɗinsa, wayoyin ɗakin jarrabawa ba a taɓa ko ɗaya ba, kuɗin kuma bai kama ƙafar na sayen sabuwar na'ura ba. Amma wannan sauƙi na wanda ya sayi suwic mai gurbi ne tun farko. Wanda ya sayi mai kafofin da aka ƙera a manne, ba shi da abin yi sai sauyawa gaba ɗaya.

Nisa ma yana tilasta amfani da modul. Wayar tagulla ba ta wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, alhali a makarantar sakandare ko harabar asibiti tazarar ofis da ɗakin kwamfuta takan zarce haka. Faiba iri biyu ce: mai faɗin ciki, wadda zaren gilashinta ya kai maikuron 50 ko 62.5, da mai siririn ciki, wadda nata bai wuce maikuron 9 ba, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Modul mai alamar SX yana kai gigabit 1 har mita 550 a kan mai faɗin ciki, mai alamar SR yana kai gigabit 10 har mita 300 a kan nau'in mai faɗin ciki da ake kira OM3, mai alamar LR kuma yana kai gigabit 10 har kilomita 10 a kan mai siririn ciki. Dole modul na wannan baki ya zama irin na wancan bakin, kuma dukansu su dace da irin faibar da aka shimfiɗa, in ba haka ba fitilar kafar ba za ta kama ba ko an kwana ana jujjuyawa. Faiba tana da wata fa'ida da ya kamata a yi la'akari da ita a ƙasar da damina ke zuwa da tsawa: gilashi ba ya ɗaukar lantarki, don haka aradun da ta sauka kusa da wani gini ba za ta bi waya ta ƙone na'urorin ɗaya ginin ba, kamar yadda takan yi da tagullar da aka rataya tsakanin ɗakuna.

Mafi yawan asarar da ake yi a wannan aiki tana faruwa ne tun kafin modul ya iso. Kamannin gurbi ba hujja ba ce cewa modul zai yi aiki a cikinsa, domin kowane maƙeri yana da jerin abin da kowane samfurinsa yake karɓa, kuma ko a gida ɗaya dacewar takan zama ta gefe guda: modul na tsohon Catalyst 3850 yana aiki a 9300, amma na 9300 ba ya aiki a 3850. Girman SFP da surarsa abu ne da kamfanoni suka yi yarjejeniya a kansa, sai dai kowane ɗaya yana ɗauke da ɗan ma'ajin da aka rubuta sunan maƙeri da lambarsa, kuma wasu suwic sukan karanta wannan rubutu su rufe kafar idan ba su san mai shi ba. Kasancewar kayan da ke isowa Jalingo da kewayenta sukan fito ne daga kasuwannin Ikeja ko Kano, wasu sababbi, wasu na hannu, wasu kuma jabu, mai saye yana bukatar ya rubuta cikakkiyar lambar samfurin suwic ɗinsa da lambar manhajar da ke cikinsa, ya duba jerin maƙeri, sannan ya ƙulla da ɗan kasuwa cewa za a mayar idan bai yi ba. Kayan hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne abin da aljihun makaranta zai iya, amma a gwada shi kafin a biya.

Ranar sakawa, babban abokin gaba shi ne wanda ido ba ya gani. A lokacin hunturu, idan iska ta bushe, lantarki yakan taru a jikin mutum daga gogayyar tufafi da takalmi, shi ne wanda kan ɗan harbi yatsa idan an taɓa ƙofar mota. Mutum ba ya jin wannan harbi sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 ya isa ya lalata wasu sassan da ke cikin modul, kuma lalacewar ba lallai ta bayyana nan take ba, sai bayan makonni kafa ta riƙa ɗaukewa tana dawowa ba a san dalili ba. Don haka mai aiki zai ɗaura abin hannu mai waya da ake maƙalawa a jikin ƙarfen kabad ɗin da aka haɗa da ƙasa, ya bar modul cikin ledarsa ta musamman har zuwa lokacin sakawa, ya riƙe shi ta gefe kada yatsa ya taɓa haƙoran zinaren da ke bayansa. Zai kwance murfin gurbin, ya daidaita modul da layin da aka yi masa, ya tura a hankali har ya ji ya zauna, sannan ya ɗaure sukurun da ke jikinsa. Idan ya ƙi shiga, to an juya shi ne ko ba nasa ba ne, kuma ƙarfi ba ya gyara ko ɗaya daga ciki, sai dai ya lanƙwasa fil ɗin da ke can ciki. Samfura da yawa sun yarda a saka modul suwic na aiki, wasu kuma sai an kashe, littafin na'urar ne kaɗai ke raba gardama.

Ƙurar hunturu ta cancanci a tsaya a kanta. Zaren da bai wuce maikuron 9 ba, ƙwayar ƙura guda tana iya tare haskensa, saboda haka ba a cire marfin roba daga bakin SFP ko kan faiba sai a daidai lokacin haɗawa, a goge kan da magogin da aka yi domin haka, ba da bakin riga ba, kuma ba a hura shi da baki. Haka nan ba a leƙa cikin kafa ko bakin faiba don a ga ko akwai haske, domin hasken lesa da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani. Gurbin da babu modul a cikinsa a mayar masa da murfinsa, tun da buɗaɗɗen gurbi yana karkatar da iskar da fanka ke ja, ya kuma zama ƙofar ƙura da ƙwari.

Zafi da wuta lissafi ne da ake yi a takarda kafin a ƙara komai. SFP na yau da kullum an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 70 a jikinsa, kuma ɗaki mai rufin kwano a kwarin Binuwai cikin watan Maris ko Afrilu, ga kabad a rufe, yana iya matsar da shi kusa da iyakarsa. Yawancin irin waɗannan modul suna faɗa wa suwic zafinsu da ƙarfin hasken da suke fitarwa da wanda suke karɓa, kuma duba waɗannan alƙaluma bayan sakawa shi ne shaidar cewa aiki ya yi. Idan kuma suwic ne ke ba kyamarori da na'urorin Wi-Fi wuta ta cikin wayar sadarwa, ƙa'idar 2003 ta ba kowace kafa wat 15.4, ta 2009 ta ba da 30, wanda ke nufin kafa 48 a kan wat 30 suna neman wat 1,440, alhali sashen wuta na wat 715 ko 1,100 ne ke jikin samfura da yawa. A nan ƙarin da ake bukata shi ne sashen wuta na biyu.

Sabon modul wani lokaci yakan nemi sabuwar manhajar ciki, wato shirin da ke tafiyar da suwic ɗin kansa, kuma wannan ne mataki mafi haɗari a wurin da wutar gari ke ɗaukewa ba sallama. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta manhaja, suwic yana iya kasa tashi sai an yi masa aikin ceto. Ƙa'idar ita ce a kwafe saitin na'urar da tsohuwar manhajar a ajiye a wani wuri, a sauko da sabuwar daga maƙeri kaɗai, a gwada lambar tantancewar fayil ɗin da wadda maƙeri ya bayar domin a tabbata bai gutsure a hanya ba, a ɗora suwic a kan inbata mai cikakken batir ko janareta mai isasshen mai, sannan a zaɓi lokacin da babu mai aiki. Cibiyar jarrabawa da ta taɓa manhajarta ana gobe jarrabawa ta yi ganganci da makomar 'ya'yan mutane, ko da aikin ya yi nasara.

Babu ko ɗaya cikin abubuwan da aka zayyana da ya fi ƙarfin matashin da ya samu horo na 'yan makonni, kuma Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, tana yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta waɗanda wasunsu 'yan wannan yanki ne. Abin takaici ne a ce ofis ya zauna kwanaki babu sadarwa yana jiran wani ya taso daga nesa domin ya zura abin da bai fi yatsa ba. Kiran wannan lacca ga shugabannin makarantu da jami'an sayen kaya na ƙaramar hukuma shi ne su rubuta a takardar kwangila cewa suwic ɗin da za a kawo ya zama mai gurbin modul, a haɗo shi da littafinsa da SFP ɗaya ko biyu na ajiya da abin ɗaura hannu, a buɗe littafin da za a riƙa rubuta lambar kowane modul da ranar da aka saka shi, kuma kada a sa hannu a biya ɗan kwangila sai ya tsaya ma'aikacin wurin ya cire modul ya mayar da hannunsa a gabansa.