Jawabin Sakatare Kan Haƙƙin Yaranmu Nakasassu Na Yin Wasa

 

Maganar da muka kawo yau wasu za su ce ba ta kai a tara dattawa a kanta ba, wato wasan gem da yara ke yi a shaguna. Mu ma haka muka ɗauka, har sai da wata 'yar uwarmu ta kawo mana kuka. Ɗanta mai shekara 13 shan-inna ta shanye masa ƙafafu da hannu guda. Kullum da yamma yana bin abokansa shagon gem, su shiga su buga ƙwallo, shi kuma a bar shi a bakin ƙofa yana gadin takalma. Matakala uku ce a ƙofar, kekensa ba ya hawa. Ko an ɗaga shi an shigar, abin riƙewar don mai hannu biyu aka yi shi. Irin waɗannan shaguna kuwa ba su ƙirguwa, daga Wunti har Yelwa.

Jama'a, wannan ba maganar alfarma ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta ambaci wasa da nishaɗi ƙarara a sashe na 30. A Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, aka ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika tun 2024.

To, kayan taimakon fa? Akwai su. A 2018 kamfanin Microsoft ya fitar da wani faifai mai manyan maɓallai biyu na Xbox, wanda ake iya dannawa da gwiwar hannu ko da ƙafa, yana da ramuka 19 na jona ƙarin maɓallai. Sony ma ya fitar da nasa na PlayStation 5 a Disambar 2023. Na farko an sa masa kusan dala 100, na biyu kusan dala 90. A halin da ake ciki, wane uba ne a cikinmu zai cire wannan daga kuɗin cefane?

Amma abin da ya fi ba mu haushi shi ne, akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Na'urar PlayStation 4 tana da wurin sauya aikin maɓallai, a mayar da na hagu zuwa dama. Wasan ƙwallo na FIFA yana da tsarin bugawa da maɓalli biyu, har ma da ɗaya. Suna nan cikin na'urar, ba a buɗe su ne kawai, domin ba wanda ya tambaya.

Dabara kuwa ba baƙuwarmu ba ce. A 1988 Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, inda ake zama a kan katako mai taya ana buga ƙwallo da hannu. Bai jira an kawo masa daga Turai ba.

Don haka muna roƙon abu biyu. 'Yan uwanmu magina da kafintoci su taimaka da gangare a ƙofar duk shagon da mai shi ya yarda, ƙungiya ta sayi siminti. Matasanmu da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su zagaya tare da mu su nuna wa masu shago yadda ake sauya maɓallan. Mu je da lalama, masu shagon nan 'ya'yanmu ne masu neman abinci, kuma ƙarin ciniki muke kai musu.

Duk mai irin wannan yaro a gida, mace ko namiji, ya tsaya bayan an tashi mu rubuta sunansa da unguwarsu. Da shagon unguwar 'yar uwar nan tamu za mu fara, ranar Asabar bayan La'asar in Allah ya kai mu.