Turancin Allunan Jimeta: Laifin Wa?

Laccar da aka gabatar a wani zaman malaman makaranta, iyayen yara da masu shagunan buga takardu a Karewa, Jimeta.

 

An nemi in yi magana a kan kurakuran Turancin da muke gani kullum, ban kuwa ja rai ba na amsa, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya tashi daga nan Karewa ya bi titin Galadima Aminu, ko ya gangara babbar kasuwar Jimeta, ko ya zaga ta Bekaji da Jambutu, in dai yana ɗaga kai yana karanta alluna, ya san abin da nake nufi. A jikin katanga za ka ga "This house is not for sell", alhali "sale" ake nufi. A ƙofar wani gida an rubuta "No packing", mai gidan kuwa ajiye mota yake hanawa, ba haɗa kaya ba. Mai sayar da littattafai da biro ya sa "stationary", kalmar da ke nufin abin da ba ya motsi. Gidan abinci ya zama "resturant". Kafinta yana tallar "furnitures". A waya kuma ba a magana: "am coming" babu mai zuwan, "your welcome", sai "loose" a gurbin "lose".

Ina jin haushin wannan, kuma ba na ɓoyewa. Amma haushin da bai san inda zai sauka ba, kan mai rauni yake faɗawa, wato yaron da ke gaban malami ko mai shagon da bai wuce firamare ba. Shi ya sa nake so mu fara tantance abin da muke kira kuskure.

Da farko mu yi wa kanmu adalci: rubutun Turanci yana da wuya, har ga masu shi. Haruffansa 26 ne, sautukansa kuwa kusan 44. A shekarar 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kalmominsu da salon rubutunsu suka kwarara cikin harshen. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a ƙasar, rubutu ya fara daskarewa a daidai lokacin da lafazin wasula ke sauyawa a bakin mutane. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya. Dalili ke nan da ake rubuta harafi a ƙi furta shi, kamar na farkon "knife". Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, sannan Noah Webster ya fitar da nasa a Amurka a 1828, aka sami "colour" da "color". Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, amma yawancin kwamfutocin shagunanmu a kan na Amurka suke zuwa, sai ka ga takarda ɗaya ta haɗa biyun.

Sai kuma abin da muka sha a nono. Bahaushe ba ya rarrabe sautin "p" da "f" yadda Bature ke yi, ba shi da "v" sam. Saboda haka yaro zai rubuta "pan" yana nufin fanka, ba don daƙiƙanci ba, sai don abin da kunnensa ya ji ke nan. Muna cewa "ara mini", sai yaro ya ce "borrow me". Muna shan magani, sai ya ce "drink medicine" ko da ƙwaya ce. Nan Adamawa akwai wani ƙari da malaman Kano da Katsina ba su cika fama da shi ba. Fulatanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, kalma ɗaya ce ta "shi" da "ita". Hausar da ake yi a kasuwanninmu ma sau da yawa haka take, ka ji an ce "mace ya zo". Yaron da ya tashi cikin wannan, ranar da ya kira mahaifiyarsa "he", bulala ba za ta gyara shi ba. Malamin da ya san daga ina kuskuren ya taso, shi zai iya tare shi. Kuma ajinmu ɗaya yana iya haɗa ɗan Fulani da ɗan Bachama da ɗan Kilba da ɗan Margi da ɗan Chamba, kowa da inda harshensa ke tuntuɓe. Littafin da aka rubuta a Legas ko Ibadan bai san da wannan ba, sai malamin aji.

Akwai kuma abin da wasunmu ke yi wa dariya wanda ba kuskure ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "okada", "next tomorrow", "barbing salon" da "Kannywood". Daga baya "suya" ma ta shiga. Harshen da ya yi fiye da shekara ɗari a ƙasa dole ya ɗauki ƙamshin ƙasar. Ba ni da faɗa da wannan. Abin da kawai zan ce wa ɗalibai shi ne su san wurin kowace magana: abin da ya dace da hira a majalisa ba lalle ya dace da takardar jarrabawa ba.

To, in an cire waɗannan, me ya rage? Sakaci. A nan haushina yake, kuma a nan zan daɗe.

Allon shago ba magana ba ce da ta suɓuce daga baki. Mai shago ya zauna ya yi tunani, ya je wurin mai fenti ko mai buga bana, an yi ciniki, ya biya, an rubuta, an ɗauko, an kafa tsani an rataya. Hannu nawa abin ya bi? Babu ko ɗaya da ya tsaya ya ce, "Bari mu duba." Wayar da ke aljihun kowannensu tana iya nuna daidai cikin ƙiftawar ido. Da tela zai ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba za ka karɓa ba, za ka mayar masa ya gyara da kuɗinsa. Me ya sa muke karɓar allo mai karkataccen rubutu mu rataya shi shekara da shekaru?

Wani zai ce, "Malam, ai an gane abin da ake nufi." An gane, amma ku duba wanda ke karantawa. Yaron firamare da ke tafiya makaranta a ƙafa ko cikin Keke Napep, wanda babu littafin karatu ko ɗaya a gidansu, allunan titi su ne littafinsa na farko. Malama ta koya masa "sale" sau ɗaya a aji, katanga ta koya masa "sell" safe da yamma. Wa zai yi nasara? Ɗan mai hali yana da littattafai da malamin gida da za su goge masa wannan. Ɗan talaka shi ke kwasar kuskuren ya kai shi zauren WAEC ko NECO, inda rashin kiredit a Turanci ke rufe masa ƙofar jami'a ko da ya cinye sauran darussa. A JAMB ma Turanci ne darasin da ba wanda ke tsallake shi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne in ga irin wannan kuskure a allon makaranta, ko a takardar da aka aiko wa iyaye, ko a sanarwar ofishin gwamnati mai hatimi da sa hannu.

Sakacin nan yana da wata fuskar da kowa a ɗakin nan ya sani: sunaye. An rubuta wa yarinya Aisha a takardar haihuwa, Aishatu a sakamakon sakandare, A'isha a katin ɗan ƙasa. Muhammad nan, Mohammed can, Muhammed a banki. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, don haka harafi ɗaya yana iya tsayar da yaro. Sai uba ya bar sana'arsa ya shiga zaryar kotu neman takardar rantsuwa, ya biya kuɗin buga canjin suna a jarida, duk a kan abin da mai bugawa zai iya kaucewa da tambaya ɗaya: "Baba, yaya ake rubuta sunan?"

Kada kuma mu ɗauka Turanci kaɗai muke yi wa haka. Hausar da muke tinƙaho da ita, ita ma tana shan wuya a hannunmu. "Yanada", "zanzo", "kokuma", "a kwai", an haɗe abin da ya kamata a raba, an raba abin da ya kamata a haɗe. Haruffa masu lanƙwasa kuwa an yi watsi da su, har mutum ya rubuta "baki" yana nufin baƙi. Alhali ƙa'idojin nan ba yau aka yi su ba. Tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana edita, ake kiyaye su. Wanda bai saba kula da rubutun harshen da yake mafarki da shi ba, ba zai kula da na baƙo ba. Shekaru da dama da suka wuce Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife, wanda aka fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuwa aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ko da wane harshe aka koyar, ingancin malami da sabon karatu su ne tushe.

Garin nan ba ya rasa masana. Ga Jami'ar Modibbo Adama, ga Jami'ar Amurka ta Najeriya a cikin Yola, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha. Kusan kowane layi a Karewa akwai malami ko ɗalibin da zai iya duba layi uku na rubutu kyauta. Abin da ya hana shi ne kunya ta ɓangare biyu: mai shago yana jin nauyin tambaya, mai ilimi kuma ya gwammace ya ɗauki hoton allon ya sa a Facebook a yi ta dariya. Wannan ɗabi'ar ba ta dace da mai ilimi ba. Tozarta mutum ba ya gyara harafi. Ka yi sallama, ka sayi abin da za ka saya, ka ja shi gefe ka ce, "Alhaji, akwai ɗan gyara a allon nan." Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Roƙona ga masu buga takardu da masu fenti da ke tare da mu: ku ajiye ƙamus a shago, kada ku buga komai sai mai shi ya karanta da idonsa, suna kuwa ku nemi a nuna muku shi a rubuce. Shugabannin makarantu, kada takarda ta fita zuwa ga iyaye sai mutum na biyu ya duba ta. Malaman Turanci, ku fita da ɗalibanku layin makarantarku su kwafo abin da ke jikin alluna, ku gyara tare a aji, sannan ku je wurin masu shagunan cikin ladabi. Iyaye kuma, yau in kun koma gida, ku ɗauko takardun 'ya'yanku ku jera su, ku tabbata sunan iri ɗaya ne a kowace, tun kafin lokacin rajistar jarrabawa ya zo.