Mallakar Fili Domin Wasannin Matasa: Darasi Daga Ingila



Duk garin da ya bunƙasa, abin da yakan fara rasawa shi ne fili. Gida na bin gida, kanti na bin kanti, har a wayi gari yara ba su da wurin buga ƙwallo sai bakin titi. Dalili kuwa a sarari yake: filin wasa ba ya kawo kuɗin haya, saboda haka in aka bar shi ya yi takara da mai gina kantuna a kasuwa, lalle shi ne zai sha kaye. Sai fa in hukuma ko jama'a sun tsaya masa.

Mutanen Ingila sun gane wannan bayan da masana'antu suka cika biranensu. A shekarar 1925 suka kafa ƙungiyar filayen wasa ta ƙasa, wadda tun 2007 ake kira Fields in Trust. Ita ce ta fito da ma'aunin nan na eka 6, watau kusan hekta 2.4, ga kowane mutum 1,000. Amfanin ma'auni shi ne, mai tsara gari yana iya lissafa filin da unguwa za ta bukata tun ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Da Sarki Joji na Biyar ya rasu a 1936, aka yi shawarar a tuna da shi da filayen wasa. Gidauniyar da aka kafa ba ta ɗauki dukan nauyin ba. Gudummawa take bai wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi, su kuma su cika sauran. Amma akwai sharaɗi: a rubuta cikin takardar mallaka cewa filin na wasan jama'a ne har abada. Ta haka aka sami filaye 471 masu ɗauke da sunan sarkin.

To, a gwada wannan da abin da ya sami filayen makarantu, waɗanda ba su da irin wannan kariya. A shekarun 1980 da farkon 1990, hukumomin ilimi masu neman kuɗi suka yi ta sayar da su ga masu gina gidaje. Sai a 1998 aka yi doka cewa ba a sayar da filin makarantar gwamnati sai da iznin ministan ilimi. Amma wanda aka riga aka gine, ya tafi ke nan.

A Nijeriya, ikon karɓar fili ba shi ne abin wuya ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke izinin zama saboda amfanin jama'a, a biya diyyar gini da shuka da sauran aikin da aka yi a wurin. Ashe ke nan gonar da ke bayan gari yau ta fi sauƙin karɓa a kan unguwar da za ta tsiro a kanta gobe, wadda sai an rushe gidaje an tada iyalai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai hannun da ya ware fili shi ne kuma ke iya yanka shi fuloti-fuloti. Saboda haka aikin ma'aikacin ofishin ƙasa da safiyo bai ƙare ran da aka biya diyya ba. Wajibi ne a auna filin, a kafa duwatsun iyaka, a fitar masa da takarda da sunan amfanin da aka nufe shi da shi, sa'an nan a sanar da mai unguwa da ƙungiyoyin matasa, domin su ne za su fara ganin ranar da aka sauke yashi a kusurwarsa.

Allah ya sa a yi amfani da abin da aka ji.