Baba Ya Fara Mantuwa: Kada Mu Karɓe Masa Rayuwarsa

Yau hirarmu a kan iyayenmu da kakanninmu ce, waɗanda likita ya tabbatar suna da cutar mantuwa, wadda a gida muke kira gigin tsufa.

Da farko dai, wannan ba tsufa ba ne kawai, ba kuma jifa ba ne. Cuta ce da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, akwai kuma wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa.

Mu nan Babban Giji, Asibitin Malam Aminu Kano ga shi nan kusa da mu, ganin likita bai yi mana nisa ba. Matsalar tana farawa ne bayan an dawo gida. Ranar nan za a karɓe makullin shago, a hana Baba zuwa masallaci, a zaunar da Hajiya a ɗaki, wai don tausayi. Wallahi 'yan uwa, wannan tausayin yana cutarwa. Abin da mutum ya daina yi, shi ya fi saurin ɓace masa.

To me za mu yi? Mu duba abin da har yanzu yake iyawa, mu bar masa abinsa. In Baba na iya alwala, ajiye masa buta a wuri ɗaya kullum, kar ka yi masa. Masallacin layi kuwa, raka shi, ku tafi tare. Bin liman ma zai sauƙaƙa masa lissafin raka'a. Hajiya ta saba da madafa? A kashe gas daga tukunyarsa, amma a ba ta zogale ta tsinke, ko wake ta tsince. Wajen sutura, fito da riga biyu ya zaɓi ɗaya.

Sannan tsaro. Kun san yadda motoci da adaidaita sahu suke a titin Zariya. A saka takarda mai lambar waya a aljihun kowace riga, a kuma sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi. Ɓoyewa don kunya ita ke sa dattijo ya ɓata ba wanda ya tare shi. Katin ATM ya zauna wajen amintacce, da saninsa, amma a bar masa 'yan canji ya ba jikoki, ya yi sadaka. Mutuncinsa ke nan.

In ya maimaita tambaya sau goma, amsa masa. Banda "Haba Baba, ba yanzu na faɗa maka ba?" Maganin hawan jini da na suga kuma a kan lokaci.

Wani abu kuma, samari: kar a bar wa 'ya mace ɗaya ko matar gida wannan ɗawainiyar. A raba kwanaki.

Ranar 21 ga Satumba ce ranar Alzheimer ta duniya, amma kar mu jira ta. Yau da yamma, ɗauki dattijon gidanku ku zauna a ƙofar gida, ya gaisa da mutane.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.