Kafin Ka Kora Shanu Kan Dutse

Daga Miskin nake magana, nan kusa da Kilomita Biyar a Bangi.

A tsaunukan Alps na Faransa, masu wasan sulɓi kan ƙanƙara in za su shiga inda babu hanya, sukan biya jagora ya shige gaba. Kowa da shebur ɗinsa, da sandar lalube, da 'yar na'urar da ke nuna inda mutum yake in ƙanƙara ta rufto ta binne shi. Tun kafin a tashi ake koya musu tono, don wanda ya wuce minti 15 a ƙasa, sai ikon Allah.

To, mu ba mu da ƙanƙara. Amma muna da tsaunukan Yade, da Dutsen Ngawi a iyakar Kamaru. Kai Malam da za ka bi ta Bokaranga, rafin da ka tsallake da safe yana iya cika da la'asar, alhali ko ɗigo bai taɓa ka ba: can sama aka yi ruwan. Ɗan gari ya san wannan. Ladansa bai kai kuɗin saniya ɗaya da ta faɗa kwazazzabo ba. Kuma ka gaya wa na gida hanyarka da ranar isowarka, don waya ba ko'ina take kamawa ba.